Baba Arzika Mai Jita, Malamin Da Na Ɓoye

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina ofishin malamai ina makin takardun ɗalibai, na ɗauki waya don in duba lokaci, sai na ci karo da hotonsa a sitatus ɗin wani ɗan Jega.

Baba Arzika Mai Jita ya rasu.

Na daɗe ina kallon hoton. Yana rungume da jar jitarsa, wadda ya ɗaure gefenta da salatif tun kafin in san shi.

Na san wasunku za su ce, me ya haɗa Malam Nasiru, mai koyar da lissafi a Aliero, jikan liman, da makaɗin biki na Jega? To wannan mamakin naku shi ne laifina, kuma a kansa zan yi magana.

Malamina ne. Shekara biyu da 'yan watanni ina koyon jita a wurinsa, duk ranar Asabar, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba.

Lasifikar makarantarmu ce ta lalace, aka ce in kai Jega wurin wani tsoho da ke gyara a bayan tasha. Na same shi ya tura kayan gyara gefe yana taɓa jita shi kaɗai. Na zo don minti goma, ban tashi ba sai da aka kira azahar.

Ya dube ni ya ce, "Malam, lasifikar taka ta daɗe da gyaruwa. Mi kaka jira?"

Na ce ina son in koya.

Ya ce, "Nuna hannu." Ya jujjuya yatsuna kamar mai sayen akuya. "Hannun alli na. Za ka sha wuya. Yanke akaihu ka zaka ran Assabar."

Haka aka fara.

A gida na ce ina zuwa lesin Jega, ban faɗi wa ke koyar da wa ba. Da na sayi tawa jitar, cikin buhun albasa nake tura ta in ɗaure a bayan mashin. A Aliero ba wanda zai tambayi mai buhun albasa ina za shi.

Ranar da ya fara ganin buhun, dariya ya yi har da tari. Ya ce a shekara arba'in da ya yi yana kiɗa, bai taɓa jin jita mai sa hawaye tun ba a taɓa ta ba. Amma bai tambaye ni dalili ba. Ya sani.

Wata biyu cur bai koya mini waƙa ko ɗaya ba. Kamu biyu kawai, in danna nan, in koma can, in sake. Yatsuna suka kumbura, alli ma ya gagare ni riƙewa. Na yi ƙorafi, ya ce in bari sai sun yi kanta.

Ni kuwa so nake in yi irin abin da yake yi, wannan gudun yatsu da ke sa mata guɗa. Ya ƙi. Ya ce jita ta biyu zan fara riƙewa, wadda ke bayan mai gaba, wadda ba a yi wa liƙi.

"Ka san lugude? Mata biyu, turmi guda, kuma ba mai bugun taɓaryar wata. In ka iya wannan, ka iya kiɗi."

Sai da na shekara kafin na gane abin da yake nufi. Ranar da hannuna ya zauna, muka yi kusan rabin awa muna bugawa ba wanda ya taka wani. Muka tsaya. Ya aika aka sayo mana kunun zaƙi, ya ba ni babban kofin.

Yabonsa ke nan. Bai iya na baki ba.

Ƙananan abubuwa nake ta tunawa tun safe. Yadda yake yanka mini abin kaɗa tsirkiya daga tsohon katin waya, ya goge bakinsa da dutse don kada ya yanke ni. Yadda yake ajiye jita da an kira salla, ko da a tsakiyar kiɗa ne, ya riga ni alwala. Yadda yake sakaya ƙofar shago in na zo, wai saboda hayaniyar tasha, alhali shi da ƙofa a buɗe yake son aiki.

Malam yake kirana. Shi ke koyar da ni, amma bai taɓa kiran sunana ba gatsau.

Yanzu ga abin da ke cina.

Wata biyar da suka wuce na raka Baffana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, ɗaurin auren ɗan abokin kasuwancinsa a Maiyama. Bayan la'asar aka kafa rumfa, sai ga Baba Arzika da mutanensa suna jona waya. Mai riƙe masa jita ta biyu bai iso ba, mota ta lalace da shi a hanya.

Ya hango ni. Wallahi na ga farin ciki a fuskarsa. Ya ratso mutane da jitar a hannu, ya tsaya a gabana ya ce, "Malam, Allah ya kawo ka!"

Ya miƙo mini.

Baffa ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Kun san juna da wanga?"

Kun san yadda ake kallon makaɗi a gida irin namu. A ji daɗin kiɗansa, a yi masa kyauta, amma ba a haɗa shimfiɗa da shi. Bakina ya riga zuciyata. Na ce, "Mai gyaran lasifika ne, Baffa. Yana mana gyara a makaranta."

Jitar na nan a miƙe tsakaninmu.

Ya janye ta a hankali, ya rusuna ya ce, "Hakanan na, Alhaji. Gaisuwa niz zaka yi."

Ya koma ya yi kiɗan shi kaɗai, babban yatsa na riƙe baya, sauran suna gaba. Mutane suka yi ta rawa. Ni ina zaune da kwalbar lemo a hannu, na kasa kai ta baki.

Daga ranar ban sake zuwa lesin ba. Kunya ta hana. In zan shiga Jega sai in zagaya ta wata hanya don kada in bi bayan tasha. Ya kira ni sau biyu, na bar wayar ta gama ringin.

Sati uku da suka wuce na yi ta maza na je. Ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Bai ce ina na shige ba. Ya ce, "Nuna hannu." Ya taɓa kan yatsuna ya girgiza kai. "Kanta ta tahi."

Na fara ba shi haƙuri a kan Maiyama, ya ɗaga hannu.

"Bari, Malam. Mutane na son kiɗi, makaɗi na ba su so. Ba kai ka hwara ba, kuma ban riƙe ka ba."

Ya murɗa tsirkiya.

"Abu guda yay yi man zahi. Na so a ji hannunka. Ka iya, kuma ni kaɗai nis sani."

Muka buga kaɗan, ya gaji da wuri. Na ce masa biki na gaba da za a kira shi, ko ina ne, ni zan riƙe masa baya. Ya yi murmushi ya ce Allah shi kai mu.

Allah bai kai mu ba.

Yau ko da na isa Jega an riga an dawo daga maƙabarta. Na sami zaman makoki a ƙofar gidansu, na durƙusa na yi ta'aziyya. Ƙanensa, wani dattijo mai kama da shi sosai, ya tambaye ni daga ina, kuma mene ne tsakanina da marigayi.

Na ce daga Aliero. Na ce ɗalibinsa ne ni. Karo na farko ke nan da na faɗa da bakina.

Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Ashe kai na. Kullum shina maganar ɗalibinai na Aliero, wai duk waɗanda yak koya ma babu mai kunne awa kai. Munka ce wane na, mu san shi? Yac ce a'a, mutumin na da mutunci garinsu, a bar shi."

Nan na kasa riƙe kaina.

Ni na ji kunyar a san ni da shi, shi kuma ya tafi kabari yana tsare mini mutunci.

Don haka nake rubuta wannan a nan, da sunana da hotona, inda ɗalibaina da abokan aikina da 'yan gidanmu duk suke gani. 'Ya'yan Baffa, na san kuna karantawa. Ku karanta masa, ko ku bari in zo da kaina bayan la'asar.

Baba Arzika makaɗi ne, kuma malamina ne. Na zauna a gabansa na koya, kamar yadda na zauna a gaban duk wanda ya taɓa koya mini wani abu. A cikinsu ban ga wanda ya fi shi haƙuri ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Arzika. Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka ba iyalansa haƙurin rashinsa. Yadda ya rufa mini asiri a gaban mutane, Ka rufa masa a ranar da ba mai rufawa sai Kai.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya yi masa addu'a ya ambaci sunansa. Ni ma ku saka ni, Allah ya yafe mini.