'Yata a Takardar Wani

Ni ba aure ya kawo ni Libiya ba. Na baro ƙauyenmu na gabas da Damagaram da niyyar in yi shekara biyu, in sami abin sayen shanun huɗa, in koma. Aiki na samu a ƙauyen Ghudduwa, a gonar dabinon wani tsoho Bafezzane, wato ɗan asalin kudancin Libiya, baƙi wuluk kamar ni. Kakarsa Bahaushiya ce, ayari ya kawo ta tun zamanin raƙuma, shi ya sa yake jin Hausa. Shekara huɗu ina hawa masa dabino, in lokacin fure ya yi in ɗaure wa matan dabinon reshen namiji don su yi 'ya'ya, in ya nuna in sauke. Ko ƙwara ɗaya ban taɓa kai wa baki ba sai ya ce in ci.

Wata rana muna shan shayi a gindin rijiya ya dube ni ya ce, "Kai ba ka aure ne?"

Na ce, "Baba, da me?"

Ya ce, "Akwai 'yata a gida. Mijinta ya sake ta, kuma ba laifinta ba ne. Ka gan ta. In ta yi maka, kai ma ka yi mata, shi ke nan."

Na gan ta, ta yi mini. Amma ba zan yi ƙarya ba, abin da ya fara faɗo mini a rai takarda ce. A wancan lokacin duk mu leburori mun yarda da magana ɗaya: wanda ya auri 'yar ƙasa ya zama ɗan ƙasa. Ba sauran tsallake katanga in motar 'yan sanda ta ɓullo. Wa ya fara faɗar wannan magana, ban sani ba, kuma babu wanda ya taɓa nuna mana mutum ɗaya da abin ya faru a kansa. Abokaina har suna tsokanata, "Balarabe, in ka shiga ofis kada ka manta da mu."

Kafin a ɗaura auren sai da aka yi wata da watanni ana neman izinin hukuma, tsohon da kansa yake hawa mota zuwa birnin Sabha. Bayan biki na sa rigata mai kyau na tafi ofis tambayar yadda zan sami takardar zama ɗan ƙasa. Ma'aikacin bai ko ɗago kai sosai ba. Ya ce, "Da kai ne ɗan ƙasa ita ce baƙuwa, da sai mu yi magana. Mace ba ta jan namiji." Abin da na fito da shi iƙama ce, izinin zama, wadda ake sabuntawa kamar ta kowane baƙo. Na koma gida na gaya wa matata. Ta ce, "To, Malam, dama don takarda ka aure ni?" Na kawo wani zance, don rabin amsar ba ta da daɗin ji.

Tsohon ya rasu bayan shekara biyu, Allah Ya jiƙansa, aka raba gona. Muka dawo Sabha, muka kama ɗaki biyu a unguwar Mahadiyya, na shiga aikin gini. A nan aka haifa mini 'ya mace.

Kwana biyu da haihuwa wan matata ya zo. Ma'aikacin gwamnati ne, mai fara'a, irin mutanen da ke dafa maka kafaɗa in za su yi magana. Ya ce, "Ɗan'uwa, ka yi tunani. In aka rubuta yarinyar nan da sunanka, baƙuwa ce kamar kai. Makaranta wahala, asibiti wahala, aikin gwamnati kuwa ko a mafarki. Bari in sa ta a kutayyib ɗina." Kutayyib shi ne ɗan littafin iyali da kowane magidanci ɗan ƙasa ke da shi, a ciki ake rubuta matarsa da 'ya'yansa. Ya ce yana da wanda zai gyara komai, za a rubuta matarsa ce ta haife ta. "Takarda ce kawai. 'Yarka tana ɗakinka, wa zai ɗauke ta?"

Na dubi matata, tana ba da nono, idonta na kan jaririyar.

Ga inda na yi wauta. A garinmu riƙo ba abin kunya ba ne. Ni kaina a gidan baffana na tashi, ya ci da ni, ya yi mini kaciya, ya sa ni lakwal, makarantar boko, har na gudu a aji huɗu, kuma babu mahaluƙin da ya taɓa mance ɗan wa nake. Takarda kuwa ban ɗauke ta bakin komai ba. Tawa ta haihuwa ma ƙarya ce, malamin lakwal ne ya dubi haƙorana ya rubuta shekarar da ya ga dama. Sai na ɗauka wannan ma riƙo ne irin na gida, riƙon da ba a ma ɗauke maka yarinya ba. Ban tambayi malami ba, ban tambayi kowa ba. Na ce, "Allah Ya saka da alheri." Har godiya na yi masa.

Ran suna ni na yanka rago, ni na yi mata huɗuba a kunne, na sa mata sunan mahaifiyata. Shi ya sa nake ce mata Uwata. A takarda kuwa sunan mahaifiyata ne a gaba, sunan wani ƙato da bai taɓa ganin ta ba a baya.

Allah bai ƙara ba mu haihuwa ba. Ita ke nan.

Abin bai fara cizo ba sai da ta shiga makaranta. Ta dawo ranar farko ta ce, "Baba, malama ta kira ni da sunan Kawu, na ce ba shi ne babana ba, yara suka yi dariya." Uwarta ta ja ta ɗaki ta rufe ƙofa. Abin da ta gaya mata ban ji ba. Daga ranar dai, a cikin gida ni ne Baba, a waje kuma ammi, yadda yara ke kiran kowane dattijon unguwa. In ana neman uba a makaranta wan matata ke zuwa. In ta ci jarrabawa shi ake wa barka. Ni in na je ɗauko ta, can tsallaken titi nake tsayawa da siminti a ƙafata, ta fito ta wuce, in bi ta a baya har mu sha kwana, sannan ta ba ni jakarta.

Ba zan ce takardar ba ta yi aiki ba. Ta yi. Da aka fito da lambar 'yan ƙasa, 'yata ta samu ba wahala. Na ga 'ya'yan wani abokina Ba'agadashe da ya auri 'yar ƙasa kamar ni, shi ya ƙi irin wannan dabara, suna nan sun girma ba su san ko su 'yan ina ne ba. Tawa ta yi karatun jinya, ta sami aiki. Duk ran da zuciyata ta taso sai in tuna wannan in haɗiye. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Bara 'yata ta same ni a tsakar gida bayan la'asar ina wanke ƙafa. Hausarta ta karye da Larabci, amma da ni Hausa take yi. Ta ce akwai wani da suke aiki tare, mutanensa 'yan ƙauyen Zighan ne, yana so ya turo.

Na ce, "Kina son sa?"

Ta ce, "Ina so."

"Ya san ko ke 'yar wa ce?"

"Shi ya sani, Baba. Na gaya masa tun farko."

"Ubansa fa?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

Na ce, "Uwata, tambayarki nake."

Ta ce, "Ubansa mutum ne mai wuya. In ya ji, ba zai tsaya a fasa auren ba, sai ya kai magana gaba. Aikina zai tafi, lambata za ta tafi, Kawu kuma ɗauri ne." Sai ta fashe da kuka. "Ni na ce a rubuta ni haka? Ina da kwana biyu a duniya aka yi abin!"



Washegari wan matata ya zo, ya yi furfura yanzu amma hannun nan na dafa kafaɗa yana nan. Ya ce ma'azun, wato malamin hukuma mai rubuta aure, kutayyib zai duba, wanda ya gani a ciki shi ne waliyyi. Ya ce, "Kuma ran ɗaurin aure gara kada ka zauna a ɗakin baƙi. Kamanninku sun yi yawa, goshin nan naku ɗaya ne. Tsofaffin ƙauye idonsu kamar na shaho."

Na ce, "To ina zan zauna, Alhaji? A kan rufi?"

Ya yi dariya. "Haba ɗan'uwa. Wajen girki ana bukatar mai ido. Wa zai kula mana da nama kamar kai?"

Na ce, "Shekara ashirin da huɗu da suka wuce ka ce mini takarda ce kawai."

Ya ce, "Kai kuma ka ce Allah Ya saka da alheri."

Ban yi barcin kirki ba kwana uku. Ba zaman ɗakin baƙi ne ya dame ni ba. A garinmu ma uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa, kunya ce, ƙaninsa ko wansa ke bayarwa. Amma maroƙi zai miƙe ya faɗa da ƙarfi, wance 'yar wane, har na bayan danga su ji. Abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne auren kansa. In wan uwa ya ba da ita alhali ubanta na raye, yana bayan gida yana juya tukunya, auren ya ɗauru kuwa? Kada in je in jefa 'yata cikin zaman haram saboda takarda.

Na tafi wurin wani malami mutumin garin Tawa da ke limanci a ƙaramin masallacin da leburori ke salla. Na kwashe komai na gaya masa. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Abin da kuka yi tun farko haramun ne, ba a jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba. Ka nemi gafara. Amma yanzu in ka tona, wa zai faɗi? Ba kai ba, ba ka da abin da za a ƙwace. Ita ce." Ya ce mafita ɗaya ce: in wakilta wan matata da bakina a gaban shaidu biyu, tun kafin ranar. In na yi haka, abin da ya ɗaura ya ɗauru.

Na ce, "Wato Malam, abin da ya ɗauka da alƙalami, yanzu in miƙa masa da baki."

Ya ce, "Ko ka miƙa, ko ka hana ta aure. Zaɓi."

Ranar Alhamis bayan azahar muka haɗu a masallacin, an watse. Malam, da ladan, da ni, da wan matata yana ta duba agogo. Malam ya ce in faɗa.  Na ce na wakilta shi ya aurar da 'yata, na faɗi sunanta, na haɗa da nawa, na haɗa da na ubana. Ya ce ya karɓa. Mutum uku suka ji, ɗaya a cikinsu kurma-kurma ne.

Ran ɗaurin aure ina bayan rumfa tun hantsi. Ni na yanka tumaki, na feɗe, na tsaya kan masu dafa shinkafa. An sa lasifika, don haka na ji komai: yadda ma'azun ya tambaya, yadda wan matata ya amsa da murya cike da ƙirji, yadda aka shafa fatiha. Na shafa tawa da hannu mai maiƙo.

Da aka fara fitar da abinci wani tsoho daga dangin ango ya leƙo neman ruwan alwala. Ya ce, "Kai ɗan Nijar, naman nan ya yi. Kai ma'aikacin gidan ne?"

Na ce, "Na daɗe a gidan."

Ya ce, "Ka riƙe amana, mutanen kirki ne." Ya ba ni buta in zuba masa, na zuba.

Can wajen la'asar, jama'a sun ragu, sai ga angon ya zagayo bayan rumfa shi kaɗai cikin fararen kaya, yana taka-tsantsan kada ya taka jini. Yaro ne mai hankali, ba zan ɗauke masa wannan ba. Ya zo gabana ya tsaya, ya kama hannuna da hannu biyu, ya sumbaci goshina yadda suke wa iyaye a nan, ya ce, "Ka sa mana albarka." Na sa musu, har cikin raina.

Amma kafin ya sunkuyo sai da ya duba hagu, ya duba dama. Na gan shi.