Pesetar da Kawu Eulogio Yake Jira

Duk wanda ya saba bi ta tashar jirgin ƙasa ta Albacete, a nan ƙasar Sifen, da hantsi ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Gajeren tsoho ne mai baƙar hula a karkace. Yakan zauna a benci bayan shingen da ke kallon layin dogo, ya zaro wuƙar aljihu ya buɗe ta ƙaras-ƙaras, ya yanki cuku ya ɗora a burodi. Ba tafiya zai yi ba, ba kuma rakiya ya zo ba. Kawu Eulogio Tébar ke nan, maƙerin wuƙa, wanda ya rufe maƙerarsa a watan nan saboda hannu ya fara rawa.

Kullum zai fita sai matarsa Herminia ta tanka. "Kai tsoho, wai jirgin nan ya taɓa gaishe ka?"

"Yana gaishe ni mana. Ke ce ba kya jin yarensa."

"Sabo turken wawa! Ka dai dawo mini da burodi."

Yaran yanzu ba su ga zamanin ba, abin tausayi. Da jirgin Madrid ya ja birki, sai ka ga mazaje sun ɗaura ɗamarar fata daga ƙugu har ƙirji, shaƙe da wuƙaƙe, suna bin tagogi suna kiran, "Wuƙar Albacete! Ga ta Albacete!" Yawancinsu sari suke yi. Shi kuwa Eulogio da hannunsa yake ƙera tasa. Shi zai gasa ƙahon bijimi ya miƙar da shi ya yi ƙota, shi zai dake ruwan wuƙar, shi zai daidaita ƙarfen bayan da ke riƙe ta don kada ta rufe a kan yatsan mai ita. Har yau akwai gidajen da ake yanka kankana da wuƙar da kaka ya saya a hannunsa ta tagar jirgi.

Son jirgi kuwa, wannan sai dai a ce ciwo. Saturnino, tsohon direban jirgi, ya ce tun kan jirgi bai ɓullo ba Eulogio yake gane shi daga numfashinsa. "Sau nawa na tafi da shi har Chinchilla! Ya shiga tarago ciniki, in busa usur, ya yi kamar kurma. Wai mantuwa. Ƙarya yake, so yake a tafi da shi!" Amma iyakarsa ke nan, tasha ta gaba, ya sauka ya jira mai komawa. Akwai uwa tsohuwa a gida, akwai maƙera.

Alherinsa ba a jin ƙararsa. Masu tsinkar inabi da ke zuwa da kaka sun san inda ake wasa musu wuƙa a ce su tafi kawai. Saturnino ya ga ranar da wani ƙaramin soja a cikin jirgi yake ta fama da busasshen burodi da haƙori, aljihu wayam. Eulogio ya miƙa masa sabuwar wuƙa ta taga, amma ya riƙe ƙotar gam.

"Ba ni wani abu, samari."

"Wallahi Kawu ba ni da ko sisi."

"To tsinko maɓallin rigarka. Yi sauri, jirgi zai tashi!"

Baƙi kan ɗauka rowa ce. Mu mun san ba a ba da wuƙa kyauta. Ko uwarka za ka ba, sai ta sa maka ɗan ƙarfen kuɗi a tafi, in ba haka ba wuƙar ta yanke abin da ke tsakaninku. Da yawa sun mayar da abin wasa. Eulogio bai taɓa yin wasa da shi ba, kuma yana da dalili.

Yana da ƙane, Anselmo. A shekarun da samarinmu ke tururuwa zuwa Jamus neman aiki, shi ma ya ɗaure akwati. Eulogio ya ƙera masa wuƙar da bai taɓa yin irinta ba, ya zana sunan mahaifinsu a ruwanta. Da aka zo tasha, garin sallama, Eulogio ya manta da ita a aljihu. Sai da jirgi ya fara tafiya ya tuna, ya bi shi a guje ya cusa wa Anselmo ta taga. Anselmo yana dariya yana laluben peseta, ƙarfen kuɗinmu na lokacin, a aljihu, yana cewa, "Yaya, tsaya ga pesetarka!" Ina! Jirgi ya riga ya yi nisa.

Da farko ana jin labarinsa. Sai uwarsu ta rasu, Anselmo bai samu zuwa jana'iza ba. Da ya bugo waya, Eulogio cikin zafin rashi ya ce masa, "Wanda bai zo binne ta ba, kada ya zo kuma." Anselmo bai sake zuwa ba, bai sake bugowa ba. An nema a inda yake da, aka ce ya tashi.

"Wuƙar nan ce," in ji Eulogio har gobe. "Na ba shi ban karɓi komai ba."

"Wace wuƙa?" in ji Herminia. "Baki shi ke yanka wuya, tsoho. Kai ka faɗa."

Ba ya musu. Yakan ɗauki hularsa ya nufi tasha. Yana kewar ƙanensa, kewa mai cin rai, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

Kawu Eulogio, kai ne na Herminia, mai ƙaho da ƙarfe. Kai ne ka raka dubban mutane da wuƙarka zuwa garuruwan da ba ka taɓa takawa ba. Yau an hana talla a bakin jirgi, tagogin ma ba sa buɗuwa, jirgin ya zo ya wuce fuu kamar an kore shi. Ɗamararka tana rataye a bango. Amma ka koya mana a yi aiki ya daɗe, ka koya mana kada a bar mutum ya tafi hannu sake, kada kuma a bar shi da jin an yi masa sadaka. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, in za ku kwaikwayi wani, ga shi nan a benci bayan shinge.

Saura kai, Anselmo Tébar, in kana raye, ko ɗanka, ko wanda ya san inda kake. Ɗan'uwa rabin jiki ne, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yayanka ya janye maganarsa tun tuni, wanda zai faɗa wa ne ya rasa. Peseta ta daina aiki, mun sani, ko burodi ba za ta saya ba. Kawo ta a hakan. In ta ɓata, maɓallin riga ma ya isa. Ba za ka sha wahalar gane shi ba: duk jirgin da ya tsaya sai ya miƙe ya cire hula yana duban masu sauka, ba ya komawa ya zauna sai na ƙarshe ya wuce.