Marleny, Wadda Ta Farke Wayarta Don Gonar Wani

Ni na riga kowa gane abin da ke hannun Marleny Suazo. Tun tana da tebur ɗaya a bakin kasuwar La Ceiba na faɗa, aka ce surutun tsufa ne. Ban taɓa shiga aji ba, jikata ke rubuta min wannan, amma guguwar teku uku na gani ina tsaye, kuma na san mutum.

Shekara sha tara, ƙarfe bakwai ta buɗe, sukudireba a hannu, kofinta na hucewa a gefe. A kawo waya a ce kwamfuta ta ƙi ganinta, ta ce, "Waya matar gida ce, sai ta ce shigo." Ta jona, tambaya ta fito, ta kama yatsan mutum ta ɗora a kan izini.

Bara ambaliya ta tafi da takardar gonar aminina Teófilo. Wani mai gonar ayaba ya ce filin nasa ne, ofishin filaye ya ba Teófilo zuwa Litinin ya kawo shaida. Hoton takardar na cikin wayarsa, amma ruwa ya kashe gilashin, babu inda za a danna izini.

"Don Teo, kwana nawa ka binne ta a shinkafa ta bushe?" in ji Marleny, "Don" ɗin nan girmamawa ce a wurinmu, kamar a ce malam.

"Tara."

"Saura wake, mu zauna mu ci."

Aka rasa irin gilashin a garin nan kaf. Sai ta ɗauko tata wayar, iri ɗaya ce, ta sa mata sukudireba.

Na ce, "'Yata, in taki ta mutu fa?"

"Don Chebo, kai da ka san komai, riƙe min tocila ka yi shiru."

Ta ɓare gilashinta ta ɗaura wa tasa. Haske ya kawo, tambaya ta fito, Teófilo ya danna. Kafin kasuwa ta tashi an buga hoton, takarda na aljihunsa. Tata wayar kuwa har yau da baƙin layi a tsakiya.

Ke ce mai gyara ba a ji amonki ba, Marleny. Ƙarshen watan nan za ki bar teburin ga mata biyu da kika koyar, don ido ya gaji. Mun gode. Masu tasowa, ku koyi halin kafin sana'ar.

Wanda ya ce ƙari na yi, ya same ni Asabar in kai shi gonar Teófilo. Ya taho da addarsa, rogo ya isa tona.