Rijiyar Da Ta Ƙi Murfi

Lokacin da abin nan ya faru ba mu san Nasara ba a ƙasar Tambuwal, sai dai labarinsu a bakin fatake. Gidanmu yana gefen gari, bayan katangarmu burtali ne da shanun Fulani ke bi in za su gangara wajen Kebbe. Maigidana manomi ne, mutumin kirki, amma in ya kafe a kan magana ko jaki ya sallama masa. Wani rani rijiyar tsakar gidanmu ta ja baya, ya ɗauko mahaƙi daga Dogon Daji ya ƙara mata zurfi.

Ina sussuka a gindin rumbu na ji mahaƙin yana salati daga can ƙasa, yana ihu a ja shi. Wai wata laka mai tauri ya fasa, ruwa ya biyo shi. Aka fito da shi a jiƙe har wuya, ya kama hanya ko sallama babu. Na leƙa. Ni tun da nake, gangara na san ruwa da ita. Wannan kuwa hawa yake yi, ba guga ba igiya, yana tahowa a hankali har ya iso baki ya malalo a kan ƙafafuna, garau, da sanyi mai ratsa ƙashi. Na durƙusa a wurin ina tasbihi, tsoro da daɗi sun haɗe mini.

Murna ba ta daɗe ba, don ruwan bai san ya isa ba. Tsakar gida ta zama caɓi, murhuna ya ƙi kama wuta. Maigida ya ce maganin abu mai baki murfi. Ya jera azara a bakin rijiyar, ya yaɓe da laka, ya ɗora dutsen niƙana a sama, ya karkaɗe hannu.

Sai ruwan ya ɓullo a ƙarƙashin rumbu.

Rumbun nan na laka ne, a kan duwatsu yake zaune, kuma geronmu na shekara duk yana ciki, har da irin shuka. In ya kife cikin caɓi, ba tuwo, ba abin da za a kai gona in damina ta faɗi. Maigida ya ɗebo ƙasar suri ya danne idon ruwan, wani ya buɗe a gefensa. Ya danne wannan, wani ya tsattsafo ta bayan madafa. Dutse ɗaya ya fara nutsewa, rumbu ya karkata, tsaga ta bayyana a cikinsa.

Ni 'yar falke ce, na tashi ina ganin salkar ubana. In ta cika aka ɗaure bakinta aka danna, ta ɗinki mafi rauni take fitar da ruwa. Na ce masa, "Malam, rijiyag ga salka ta. Ka ɗamre bakinta, shi ya sa take hita ta gindin rumbu. Buɗe ta, ka huda katanga ruwan shi tahi burtali."

Ya ce, "In huda katangata? Shanun duniya su taru bayan gidana? Ruwan ga nawa na, ni na biya anka haƙa shi."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na haɗiye. Ranar kasuwar Jabo ya fita da sassafe, ni kuwa na ji rumbun ya yi wata 'yar ƙara. Na ɗauki taɓarya. Gindin katanga ya riga ya jiƙu, huda shi bai ba ni wuya ba. Daga nan na koma kan rijiya, na sa taɓaryar a ƙarƙashin dutsen na banƙare shi.

Wayyo ikon Allah! Azara ta ɗaga da kanta, laka ta tarwatse, ruwa ya yi tsalle ya kai mini ƙirji, rana tana walƙiya a cikinsa. Na faɗi zaune. Ashe duk shekarun da nake daka da shara a tsakar gidan nan, a kan wannan ƙarfin nake takawa ban sani ba. Na yi kuka, ba don ciwo ba. Da ruwan ya huce, na ja masa hanya da fartanya, ya bi ta kafar katanga ya fice abinsa.

Da la'asar maigida ya dawo ya tarar da shanu jere a bayan gidansa suna sha, makiyaya suna sa albarka. Ya shigo bai ko dube ni ba. Ya wuce gindin rumbu ya tsuguna, ya tura hannu ƙarƙashi, ya daɗe a haka. Idanun ruwan nan duk sun tsaya, ƙasa ta fara tsanewa. Ya tashi ya tsaya a bakin rijiya yana kallon ruwan yana tafiya.

Ya ce, "Ashe ba mu anka ba shi ba. Ta gidanmu kawai yab biyo."

Sannan ya miƙo mini hannu. "Kawo taɓaryag ga. Kafar da kinka yi ta yi ƙanƙanta."