Tabon Goshin Pak Darmaji

Duk ɗalibin da ya bi ta hannun Pak Darmaji, wato Malam Darmaji, ya san baƙin tabon da ke goshinsa, kuma kowa ya ɗauka na sallah ne. Sallah dai yana yi, kar a ci zalinsa, amma tabon ba nata ba ne. Ƙofar gidan mahaifiyarsa ce ta yi masa shi.

Darasinsa a jami'ar da ke Semarang shi ne wanda ɗaliban injiniya suka fi ƙi, wato lissafin ko aiki ya cancanci a yi shi. Su gina gada suka zo koyo, sai ga siririn dattijo mai ranƙwafaffen baya yana cewa kafin su zuba siminti ko cokali ɗaya, sai sun auna abin da aikin zai ci da abin da zai mayar. Kowace shekara da labari ɗaya yake buɗe aji, na injin ban ruwa da aka yi ta gyarawa har gyaran ya fi sabo tsada.

"To, a yar ko a sake gyarawa?"

Ba a rasa mai tausayi a aji. "Haba Pak, bayan duk abin da aka kashe masa?"

"Injin nan kawunka ne? Abin da aka kashe ya tafi. Ko ka kira shi ba zai waiwayo ba. Gaba za ka duba."

A bayan idonsa Pak Ya-Tafi suke ce masa. Ya sani, kuma a ransa sunan yana masa daɗi.

Abin da ba su sani ba shi ne inda yake zuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Babur yake hawa har inda hanya ta nutse, ya jingine shi, ya bi siririyar gadar katako zuwa Tambakluwih, ƙauyen da aka haife shi. Yana yaro gonakin shinkafa ne a wurin. Da gishiri ya kashe shinkafa aka koma kiwon kifin bandeng, daga baya teku ta haɗiye tafkunan. Ƙasa tana sauka, ruwa yana hawa, mutanen garin kuwa dabara ɗaya gare su: idan ruwa ya fara shiga ɗaki, a zuba tsakuwa da yashi a ɗaga daɓen. Rufin yana nan inda yake. Sau uku Pak Darmaji ya ɗaga wa mahaifiyarsa daɓe, har ƙofa ta dawo iya ƙirjinsa, tagogi suka koma wajen gwiwa. Mutumin da ke kunyata yara a kan tsohon inji, shi ne ke ɗaukar buhun yashi a kafaɗa da gajeren wando.

Ya sha roƙon mahaifiyar tasa, Mbok Ngatirah, ta bi shi birni. Ita kuwa 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ƙofar ma ba ta dame ta ba.

"In tafi in bar ubanka da wa, Le? Da ƙaguwa?" Le take ce masa, wato ɗana.

Kabarin mahaifinsa, Pak Kasmuri, yana bakin gari ta wajen teku. Da can duk Alhamis sai ta kai masa furanni, amma ƙafa ta hana, ɗan ya karɓi ziyarar. Kullum ya dawo sai ta tambaya, shi kuma ya ce lafiya lau, ya share ciyawa. Babu ciyawa. Dutsen kan kabarin ma ruwa ya daɗe da kwantar da shi, ba a ganin maƙabartar sai teku ta janye.

Wata Asabar yana jan buhu, ma'aikatan gwamnati suka shigo garin, a gabansu wata mata da hular kwano. Retno Palupi ce, wadda a duk shekarunsa na koyarwa bai taɓa samun ɗaliba kamarta ba. Ta gan shi, laka har cinya, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Pak... nan ne garinku?"

"Nan ne. Me kika kawo mana?"

Katangar da za a gina don tare teku ba za ta iso Tambakluwih ba. Za ta lanƙwasa ta bar garin a waje, a mayar da mutane tudu. Ita ta yi lissafin. Ta ce ko zai duba, wataƙila ta yi kuskure.

Ya zauna a kan buhun ya duba, kuma Allah ya sani da gaske yake neman kuskuren. Bai taɓa fatan ɗalibi ya faɗi ba sai ranar. Babu. Ko abin da mutanen garin suka zuba a ɗaga daɓe ba ta sa a ciki ba, kamar yadda ya koya mata.

"Aikinki ya yi kyau," ya ce, ya miƙa mata.

Ta fashe da kuka. Bai rarrashe ta ba, ya tashi ya ci gaba da jan buhunsa.

Maƙwabta suka fara kwance rufi suna tafiya gida bayan gida. Bayan kwana da kwanaki Mbok Ngatirah ta ce za ta tafi, amma sai da mijinta. Wasu ma sun kwashe nasu matattun, ba sabon abu ta nema ba.

Da safe, teku ta janye, ya fita da limamin garin da maza biyu, da farin ƙyalle a hannunsa. Suka haƙa inda yake zato, ruwa ya cike ramin. Suka matsa kusa da kututturen bishiyar da ya tuna, suka sake haƙawa. Laka ce baƙa mai wari, da ɓawon kawa, babu ƙashi ko ɗaya. Ɗaya daga cikin mazan ya ce, "Pak, ruwa na dawowa fa."

Ya tsaya yana kallon ramin. Ya san amsar, shekara da shekaru yana faɗa wa 'ya'yan mutane ita. Sai ya durƙusa ya shimfiɗa ƙyallen, ya dinga ɗibar laka da hannu biyu yana zubawa. Liman ya buɗe baki, ya dubi fuskarsa, ya juya baya yana salati.

Da ya iso gida, hannuwansa a cike, ya manta bai sunkuya sosai ba, ƙofar ta sake samunsa a wuri ɗaya. Ya shiga a durƙushe ya ajiye ƙullin a gabanta.

"Ga shi, Mbok."

Ta jawo ƙullin zuwa cinyarta da ƙyar. Ruwa baƙi yana tsattsafowa ta ƙyallen yana ɓata mata zane. Ta shafa shi daga sama har ƙasa, a hankali, ta ɗan matsa nan, ta matsa can. Ya ga yatsunta suna neman abu mai tauri, ya ga lokacin da suka daina nema.

"Ubanka sirirai ne danginsu, Le," ta ce. "Ko yana raye bai kai nauyin nan ba."

Ya kasa ɗaga kai.

Ta gyara ɗaurin ƙyallen, ta ƙara masa ƙulli, ta rungume shi a ƙirji. "Goshinka na jini. Goge, ka kira mai kwalekwale, kada mu jiƙa shi a hanya."