Baffa Ya Tare Ƙofar Gadamas

Ranar wata Juma'a ce bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu a firamare, Baffa Sadiƙu ƙanin mahaifina ya dawo daga Libiya. Ina tsugune a gindin tanderu ina miƙa wa Mama ƙullin gurasa, sai muka ji yara sun kaure da ihu a zaure. Na ajiye kwano na ruga, hannuna duk ƙullu. Kowa idonsa na kan akwatuna, ban da kakarmu Hajiya da ke zaune a ƙofar ɗakinta. Ko gama gaisuwa ba ta bari ya yi ba ta ce, "Sadiƙu, ina ƙofata?"

Gidanmu yana Dandalin Turawa, kusa da kasuwar Kurmi, tsohon gidan ƙasa mai soro. Mahaifin Hajiya mutumin Gadamas ne, wani gari a cikin saharar Libiya. Ya biyo ayarin raƙuma yana saurayi, Kano ta riƙe shi, ya rasu tun Hajiya tana yarinya bai sake ganin gida ba. Ko hotonsa babu. Labarin garinsu kawai ya bar mata, ita kuma ta juye mini shi kaf, don ni ce takwararta kuma a ɗakinta nake kwana. Da la'asar, idan na gama tankaɗen alkama, nakan riƙe hannunta mu hau soro kwashe shanya. Sai ta juya wajen Dutsen Dala ta ɗauko zance: lunguna rufaffu da rana ba ta shiga, mata suna zuwa unguwa ta kan soraye ba tare da sun taka ƙasa ba, sannan ƙofar gidan ubanta. Ta itacen dabino ce, an yi mata ado da ƙananan ƙyallaye ja da kore da rawaya, alamar maigidan ya sauke farali. Ƙawayena na ƙasa suna kirana mu yi wasan 'yar gala-gala, ni kuwa ina can ina jin labarin ƙofa, har na fi sanin ta da ƙofar ajinmu.

A lokacin yanar ido ta riga ta rufe mata na hagu, na daman ma ya fara dushewa, kuma Hajiya ta rantse ba mai sa mata wuƙa a ido. Shi ya sa da Baffa ya sami aiki a wani kamfanin gini a Tarabulus, babban birnin Libiya, ba ta ce ya kawo mata turare ko darduma ba. Aike ɗaya ta yi masa: ya je Gadamas, ya nemo gidan ubanta, ya ɗauko mata hoton ƙofar ta gani kafin idon ya ƙarasa. Tun daga ranar kullum da safe sai ta ɗaga hannu ta ƙirga yatsunta a gaban fuska, ta ce, "Takwara, da saura."

Bayan an ci abinci aka shimfiɗa babbar tabarma, Baffa ya zazzage hotuna. Kai, Baffa da son a san ya je wuri! Ga shi a gaban wata jar fada a bakin teku, ga shi a ƙarƙashin wata ƙofar farin dutse da ya ce ta girmi ganuwar Kano nesa ba kusa ba. Ga shi kuma a kufan wani birnin Rumawa, ya jingina da ginshiƙi, wandonsa mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa. Akwai wani dandali mai matakala zagaye da ya ce idan ka yi raɗa a ƙasa na sama zai ji ka. Mu yara baki buɗe, don ruwan da muka sani bai wuce kududdufin bayan gida ba. Daga baya makonni muka yi muna jera turame a tsakar gida a matsayin ginshiƙai, muna jingina muna cewa a ɗauke mu. A ranar dai Hajiya ta gaji da jira. Ta ce, "Ni kallon duwatsun mutanen dauri na aike ka?"

Sai ya zaro na ƙarshe yana murmushi. Ni na fara karɓa. Baffa ne tun daga sama har ƙasa. Ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar ƙofar ya cika ta, ba abin da ya rage sai ɗan gefen ƙyaure da ƙyalle ja guda ɗaya a saman kafaɗarsa. Mahaifina ya duba, ya yi salati, ya ce, "Sadiƙu, ƙofa aka ce maka ko kai?" Baffa ya hau kame-kame, wai wa zai ɓata fim a kan ƙyaure, ai mai hoton ma dariya zai yi masa. Gaskiyarsa kuwa, a zamanin hoto na mutum ne, ba mu taɓa ganin wanda ya ɗauki bango ba kowa a jikinsa ba. Amma aikinsa a can ya ƙare, ba komawa zai yi ba, idon Hajiya kuma ba jira zai yi ba. Haushi ya sa na fashe da kuka, na ce masa ya cuce ta. Mama ta kai mini dundu, ban ko ji ba.

Hajiya ta sa na kai ta tsakiyar gida inda rana ke sauka, ta kara hoton a idonta na dama har yana taɓa hancinta. Ta daɗe tana dubawa. Can ta tambayi wanda ya sa masa waɗannan kayan. Sai a lokacin na lura ba riga da wandonsa ne a jikinsa ba. Baffa ya ce tsohon da ya nuna masa gidan ne, da ya ji ko jikan wane ne, ya rungume shi, ya yafa masa farin bargon ulu irin nasu, ya ɗora masa jar dara, ya ce haka ɗan gida ke tsayawa a ƙofarsu. Hawaye ya fara bin kuncin Hajiya. "Abbana ne," in ji ta. "Ga tsayuwarsa, ga kafaɗar nan a karkace. Takwara, ƙofa na roƙa, Allah ya ba ni mai ƙofar." Baffa, wanda tun ɗazu yake neman hanyar zaure, ya durƙusa a gabanta ya kifa kansa a gwiwarta.

Kafin damina ta zagayo idon ya rufe. Hoton yana ƙarƙashin matashinta har ta koma ga Allah, kuma ba ta taɓa cewa in kwatanta mata shi ba, ta ce ta riga ta gani.

Yanzu soron nan ya zama bene na siminti, Baffa ma ya bi Hajiya. 'Yata takan buɗe mini Gadamas a waya, in ga lungunan da farin bangon tas, yadda masu yawon buɗe ido ke ɗauka. An ce mutanen sun koma sabon gari. Ƙofofi ga su nan birjik, har da masu ƙyallaye ja da kore da rawaya, kowacce a fili ba abin da ya tare ta. Nakan daɗe ina dubawa, ina jiran in ga wani ya tsaya a bakin ɗaya.