Wanda Ya Ja Mu Sallah Ya Daina Zuwa Masallaci

Har yanzu raina a ɓace yake, wallahi.

Shekaranjiya ruwan sama ya tsare limaminmu a unguwar Sodiko. Magariba ta yi, an tayar da iƙama a masallacinmu na unguwar New Bell, kowa ya sunkuyar da kai. Daga ƙarshe Malam Hamadu, tela mutumin Maroua, ya shiga gaba. Ya manta zaman tahiyar farko, ya yi ƙabli, muka sallame lafiya.

Sai wani Alhaji ya ɗaga murya: "Wanda bai iya ba ya bar wa masu iyawa!" Har da masu dariya.

Na ce, "Alhaji, da ake neman mai shiga gaba, ina masu iyawar suke?"

Jiya ko sau ɗaya Hamadu bai zo jam'i ba. Yau na same shi a shago, ya ce, "Ɗan'uwa, c'est fini, shi ke nan. Na kunyata, a nan zan riƙa sallata."

Na ce, "Manzon Allah (SAW) kansa ya yi mantuwa a sallah, shi ya koya mana gyaranta. Kai kuwa ka gyara daidai. Ina abin kunya?"

Sai ya kashe keken ɗinkin ya ɗauki buta. Tare muka tafi la'asar, amma a sahun ƙarshe ya tsaya.

Jama'a, mutum nawa bakinmu ya kora daga alheri? Ku faɗa min.